Musabaƙar da Baba Ya Je Kallo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (na kuwa so, na ma gwada), da wata Juma'a bayan la'asar a unguwar Mansur da ke Makka, ranar da na zauna kafaɗa da kafaɗa da mahaifina muka kalli fim ɗin da aka yi a kaina. Minti ashirin da 'yan kai ne tsawonsa. A lokacin ina digiri na biyu a fannin hadisi. A Makka Ustaz ake kirana, a garinmu kuwa har an fara ce mini Shehi tun ban rubuta babi na uku ba. Shekarun nan ne da ake aikin faɗaɗa wurin ɗawafi, duk inda ka ɗaga kai a Harami sai ka ga ƙarafan ɗaga kaya.

Zafi ne ya fara kai ni wurin, ko in ce da zafi nake fakewa. Esin da ke sanyaya ɗakinmu ya lalace a tsakiyar bazara, sai na ɗauki littafi na tafi wata babbar kasuwa mai hawa uku don in sami sanyin karatu. A hawa na sama akwai sala, wato babban zaure na wasanni, irin wadda iyaye ke sakin yara su je sayayya. Can a ƙurya, bayan motocin tsere da bindigogin roba, akwai wani tsohon inji da ba wanda ke kula shi. Dogon akwati ne mai tsayin mutum, da gilashi irin na tsohuwar talabijin, da 'yar sanda mai jan kai, da maɓalli biyu. Ka jefa kwandala, ka zama ƙaramin jirgi a ƙasan gilashin, a yi ta zubo maka wuta daga sama, kana kaucewa kana harbi. Rai uku ake ba ka. Babu labari, babu ƙarshe, wasan ƙara sauri kawai yake yi har ya kashe ka. Idan ka yi abin kirki, sai ya ba ka dama ka rubuta haruffa uku na sunanka a jerin mutum goma da suka fi maki.

Ranar farko ko minti biyu ban yi ba. Na yi dariya na koma kan littafina. Bayan wata shida ni ne na biyu a jerin.

Ba na son in yi muku ƙarya (na yi wadda ta ishe ni a cikin wannan labarin), don haka zan faɗi yadda abin ya kai. Na haddace hanyar kowane harsashi har mataki na arba'in. Littafin da nake rubuta maruwaita a gabansa, bayansa cike yake da zanen inda zan tsaya da inda zan kauce. Ina cikin sujada sai in ga jajayen ɗigo suna gangarowa a bayan idona. Malamin da ke duba aikina, dattijo mai haƙuri, duk ya tambayi babi na uku sai in ce masa wani littafi nake jira daga Misira. Kafin in hau benen nan kuwa sai na cire hulata na cusa a jaka, na naɗe fuska da shimag, wannan jan mayafin kai na Larabawa, kamar mai shirin fasa shago.

Abin da ya hana ni sakat haruffa uku ne a saman jerin. Mai su wani direban bas ne ɗan asalin Barma, haifaffen Makka, ana ce masa Abu Yasir. Ya haura hamsin. Lokacin Hajji yana jigilar alhazai zuwa Arfa, sauran watanni kuwa sai abin da ya samu. Da hannu ɗaya yake wasan, ɗayan riƙe da kofin shayi, kuma bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Idan ya ga na mutu sai ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri ya Shehi, gobe ma rana ce. Ni kuwa in koma ɗaki in kasa cin abinci.

A nan Nawwaf ya kama ni. Ɗan Ammi Abdulkarim ne, wani dattijo a Mansur wanda kakansa ya zo Makka a ƙasa daga Kano, kuma ni ke koya wa jikokinsa karatun Alƙur'ani. Nawwaf ya kai ashirin da biyar, yana aiki a shagon ɗaukar hotunan biki, amma burinsa fim. Hausarsa ta gaisuwa ce da sunayen abinci, sauran duk Larabcin Hijaz ne da 'yan kalmominmu a warwatse. Na juyo daga injin ke nan, gumi ya jiƙa shimag ɗin, sai na gan shi tsaye yana murmushi. Ya ce ya fi rabin awa yana kallona, kuma takalmina ne ya tona ni.

Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Shi ko a jikinsa, bai ma gane wane asiri ba. A wurinsa wasa wasa ne, babansa ma da furfurarsa yana buga karta da abokansa duk Alhamis. Maimakon haka ya ja ni wurin shan shayi, ya buɗe kwamfutarsa, ya nuna mini wani fim na Turawa, ba na 'yan wasan kwaikwayo ba, na mutane na gaske. Manyan magidanta ne da suka ƙare rayuwarsu a gaban irin wannan injin, suna neman su zama na ɗaya a duniya. Ya ce irin waɗannan finafinan suna da yawa, ya kalle su duka, kuma ya daɗe yana neman mutum irin wannan a Makka.

Ni jarumai na gani a fim ɗin. Na ga mutanen da suka san abin da nake ji. Ban lura ba cewa duk sanda aka nuna jarumin yana zufa, sai a juya kyamara a nuna matarsa zaune ta yi tagumi, ko ɗansa yana kiransa bai ji ba. Na ga wuraren, amma na ɗauka ciko ne kafin a dawo kan wasan.

Da farko na kafa sharaɗi: ba za a sa a intanet ba, kuma za a dusashe fuskata. Ya yarda. Bayan sati biyu da ya nuna mini abin da ya ɗauka, na ga yadda hannuna ke gudu a kan sandar nan kamar ba nawa ba, ni da kaina na ce ya bar fuskar. (Har cewa na yi ya ɗauke ni ta gefen dama, ya fi kyau.) Wata uku yana bina. Ya ɗauki littafin zanena shafi shafi. Ya yi mini tambayoyi, na ba da amsa ina lumshe ido kamar mai ba da fatawa. Daga ƙarshe ya ce fim na buƙatar rana babba, ranar da zan yi ƙoƙarin karya makin Abu Yasir a gaban Abu Yasir. Aka sa wata Laraba. Ya aro kyamara ta biyu ta wuni ɗaya, ya shawo kan mai kula da salar, wani ɗan Yaman, ya keɓe mana injin. Washegari Abu Yasir zai tafi wani aiki Jidda na tsawon watanni. Lokacin da nake da shi daga la'asar ne zuwa magariba, domin a shekarun nan ana kiran salla ake rufe ko'ina, a kashe wutar injina, ko kana tsakiyar me.

Ana saura kwana biyar, Baba ya sauka Umara.

Na san da zuwansa tun watanni, ban dai haɗa ranakun ba. Baba manomi ne kuma limamin unguwarmu, ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun gaji. Wannan ne zuwansa na farko. Sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka Babana yake kirana. Suka sauka a wani masauki a Misfala, su huɗu a ɗaki, duk 'yan garinmu. Ni na tura shi a keken guragu ya yi Umararsa ta farko, yana kuka yana addu'a, ni ma na yi kukan, kuma da gaske na yi. Bayan mun gama ya riƙe hannuna ya ce yana da buri ɗaya: ya yi wa Inna Umara. Inna mahaifiyata ce, ta rasu ina shekarar farko a Makka, ban sami jana'izarta ba. Ya ce yana so ni in tura shi, don ladan ya zo mata ta hannu biyu. Ya ce Laraba bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, tunda Alhamis da safe za su wuce Madina.

Na ce to.

Na yi ta lissafi a raina. Zan gaya wa Nawwaf a ɗaga. Zan gaya wa Baba a yi da safe. Ban yi ko ɗaya ba, domin da safe ina son in huta hannuna ya saki. Ranar Laraba ina idar da la'asar na hau bene. Nawwaf ya maƙala mini wani ɗan abu baƙi a wuyan riga, ya kunna fitilu, Abu Yasir ya ja kujera da shayinsa. Kafin in jefa kwandala waya ta yi ƙara. Na ce su ba ni minti ɗaya, na koma bayan wani inji inda kyamara ba ta kai ba, na tsugunna na rage murya. Baba ya ce ya yi wanka, ga ihraminsa a ninke, ni yake jira mu je Tan'im ya ɗauro niyya. Na ce masa malamina ya kira ni zama na gaggawa a kan littafin da nake rubutawa, ba halin in fita. Ya ce karatu ai shi ya kawo ni, in zauna, Allah ya yi albarka.

Ban taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba. Kusan awa uku ban rasa rai ko ɗaya ba sai can wajen ƙarshe. Mutane suka taru a bayana. Na wuce matakin da ban taɓa gani ba. Saura ƙiris in kamo makin, har Abu Yasir ya ajiye kofinsa, sai aka kira magariba. Ɗan Yaman ɗin nan ya nufi inda wayar wutar take. Na san na yi magana, na san na ɗaga murya, amma abin da na faɗa bai zauna a kaina ba. Gilashin ya yi baƙi. Na ga fuskata a ciki.

Da na isa Misfala bayan isha, na tarar Baba ya riga ya tafi. Alhaji Sani, abokin ɗakinsa, wanda shi ma ya ba sittin baya kuma yana fama da hawan jini, shi ya tura shi ɗawafi da Safa da Marwa. Na jira su a bakin masauki. Suka dawo Alhaji Sani yana haki, Baba kuwa abin da ya fara tambayata shi ne ko zaman ya yi kyau. Na ce ya yi kyau.

Kwana shida suka yi a Madina. Abin da ban sani ba shi ne, da safiyar Alhamis ɗin, kafin motarsu ta tashi, Nawwaf ya je Misfala gaishe da Baba, da kyamararsa a rataye. Da 'yar Hausarsa ya gaya masa cewa ɗansa ya shiga musabaƙa, ya kai zagayen ƙarshe, kuma an yi fim a kai. A Larabci musabaƙa kowace irin gasa ce, ko ta gudun buhu. A garinmu kuwa musabaƙa ɗaya aka sani, ta karatun Alƙur'ani. Nawwaf bai san wannan ba. Ni kuma ban taɓa gaya masa Baba bai san ina wasa ba, don ban taɓa zaton za su haɗu ba ni ba na wurin.

Ranar da suka dawo na kai musu abinci. Muna ci, a gaban mutum uku, Baba ya dube ni yana murmushi.

"Babana, ashe musabaƙa ka shiga shi ne ka ɓoye mini? Ka ce wai zama da malami."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Mutum huɗu ne kawai, a ɗaki rufe, da na sha kunyar na huta. Sai na sunkuyar da kai na ce ƙaramin abu ne, Baba. Alhaji Sani ya ce ka ji tawali'u irin na masu ilimi. Baba ya ce da ya san musabaƙa ce da ko wayar ma bai yi mini ba. Ya ƙara da cewa Nawwaf ya gayyace su gidansu ranar Juma'a a kalli fim ɗin.

Na fita na kira Nawwaf, na ce a fasa. Ya yi mamaki. Ya ce babansa ya riga ya sa a yi shinkafar mandi ta Larabawa da rago guda don karrama baƙi, an gayyaci dattawan unguwa, an aro majigi. Na yi masa bayanin kalmar. Ya yi dariya, ya ce to ai sai su ga gasar daban ce, su yi dariya a wuce, fim ɗin yana da kyau, ni ne tauraro. Na tambaye shi ko akwai wani abin da zai ba ni kunya a ciki. Ya ce gaskiya ce kawai a ciki. Na ɗauki wannan a matsayin a'a. (Mai nazarin hadisi ke nan, wanda aikinsa tantance magana.)

Na gwada wasu dabaru. Na ce wa Baba mu je ziyara Arfa ranar Juma'ar, ya ce Arfa tana nan. Na ce jikina ba daɗi, ya tofa mini addu'a a ruwan zamzam. A cikin tasi, a hanyar Mansur, na buɗe baki sau uku don in faɗi gaskiya, ina fasawa. Baba na gaba sanye da babbar rigarsa ta Idi, wadda ya zo da ita don hoto, yana gaya wa direba da Hausa cewa ɗansa ne wannan, direban na gyaɗa kai bai ji ko kalma ba.

Mun kai mutum talatin a ɗakin baƙi na Ammi Abdulkarim. Dattawan Mansur, ɗalibai 'yan'uwana su shida da ban san wa ya gaya musu ba, da 'yan garinmu. Aka zuba gahawa, aka zagaya da dabino, aka zaunar da ni kusa da Baba a tsakiya. Aka ja labule, Nawwaf ya haska bango.

Da fuskar Baba fim ɗin ya fara. Yana zaune a bakin gado a masauki, ya gyara hula, yana kallon kyamara kamar mai ɗaukar fasfo.

"Tun yana shekara bakwai," in ji Baban da ke bango, "yaron nan ba ya rabuwa da allo. Sai an ƙwace ake samu ya ci abinci. Na san wata rana zai kai wani wuri."

Ɗakin ya ɗauki masha Allah. Ba a rufe baki ba hoton ya sauya, sai ga ni, idanu a zazzare, baki a buɗe, hasken gilashi na wasa a fuskata, inji na ta ƙara irin ta 'yan tsaki. Wani ya yi tari. Alhaji Sani ya matso ya tambaye ni a kunne ko talla ce kafin a fara.

Minti biyar na farko ɗaliban nan sun yi dariya, dattawa suka taya su kaɗan, har na fara sa ran maganar Nawwaf za ta tabbata. Aka nuno ni ina bayani da Larabcin jami'a, mai cikakken i'irabi, cewa wannan wasa yana buƙatar haƙuri da juriya da tsarkin niyya. (Tsarkin niyya. Ni na faɗa.) Aka nuno littafina, sunayen maruwaita a shafi ɗaya, a juya sai taswirar harsasai. Aka nuno Abu Yasir yana cewa shi dai yana zuwa ne don sanyin wurin, amma wannan Shehin, Allah ya ba shi lafiya. Dariyar ta fara raguwa. Ban dubi Baba ba, gwiwarsa kawai nake gani, da hannunsa a kai riƙe da carbi. Carbin ya daina motsi.

Sai ranar Laraba. Hoton ya nuna injin shi kaɗai da kujera ba kowa, ni na ɓuya a bayan wancan injin. Amma muryata ta cika ɗakin, tas, har numfashina ana ji. Ɗan baƙin abin nan da aka maƙala mini a wuya bai san ɓuya ba. Nawwaf ya ji Hausa ce mai sauri, ya tsinci Baba da malam da albarka, ya ɗauka addu'a nake nema kafin gasa, ya ga ta dace da wurin. Kowa a ɗakin nan in ban da shi ya ji abin da na ce. Har muryar Baba ta fito siririya daga waya, tana cewa ya yi wanka, ga ihraminsa a ninke.

Na ji Alhaji Sani ya ja numfashi ta hanci, shi da ya tura keken.

Na ɗauka an gama da ni, ashe saura. Aka zo kiran magariba. Ga ɗan Yaman ya nufi wayar wuta, ga ni hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya na miƙa masa, ina roƙo. Minti biyar kawai, don Allah. Da ya ƙi, sai na koma malami. Da ƙarfi, a gaban jama'a, na shiga karanto masa cewa lokacin magariba yana nan har jan shafaƙi ya ɓace, malamai sun yi bayani, har na ambaci mazhaba. Ana jin ladan a bayan muryata. Mutumin ya ce shi ba malami ba ne, shi dai tarar baladiyya, wato hukumar gari, yake tsoro, ya zare waya. Sai aka nuno ni na kifa goshi a kan gilashin, kafaɗuna na rawa. Kyamara ta daɗe a kaina. Ban san na yi kuka ba sai a bangon nan. Daga nan aka koma kan Baba a bakin gado, yana murmushi, yana cewa ko ya ci ko bai ci ba, shi dai ya gode wa Allah da ya ba shi wannan ɗa. Bango ya yi fari.

Nawwaf ya ɗaga labule yana jiran tafi. Ya dubi fuskoki, ya dubi babansa, murmushin ya zame daga fuskarsa. Ammi Abdulkarim, Allah ya saka masa, ya yi gyaran murya ya ce a kawo abinci. Aka shigo da manyan farantai. Ban taɓa ganin an ci rago guda shiru haka ba. Baba ya ci loma uku don kada a ce ya ƙi abincin mutane, ya yi wa mai gida godiya mai tsawo, ya sa wa Nawwaf albarka, ya ce aikinsa ya fito da kyau. Ina jin da ya mare ni a wurin da na fi samun sauƙi.

A tasi muka kama hanya har muka kusa Misfala. Sai Baba ya yi magana bai juyo ba.

"Da ka ci, me za a ba ka?"

Na ce ba komai. Za a dai rubuta sunana a jikin injin.

"Sunanka duka?"

Na ce haruffa uku.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin abin da ba zai saya ba. Can ya ƙara tambaya ko na sami jam'in magariba ranar. Na ce na sami raka'a ɗaya. Ya ce to, alhamdulillahi.

Washegari na je na durƙusa a gabansa, na faɗi komai, har maganar littafin Misira. Ya ce ya yafe tun a ɗakin. Na roƙe shi mu sake yi wa Inna wata Umarar, ni in tura. Ya ce an riga an yi mata, Allah ya karɓa, kuma gwiwarsa ba za ta ɗauki wata ba. Bai faɗa da fushi ba. Gaskiya ce kawai, an riga an yi, kuma ba da hannuna ba.

Nawwaf ya zo ɗakina har sau biyu yana ba da haƙuri, ya ce zai goge fim ɗin. Na ce ya bari, ba shi ya yi ƙaryar ba. Bai taɓa sa shi a intanet ba, amma ba a buƙaci intanet ba. Labarin ya riga jirgin su Baba sauka. Ɗalibai suka sa mini Gwani, sunan ya bi ni har gida. Ammi Abdulkarim bai kore ni ba, sai dai ya fara zama a ɗakin duk sanda nake koya wa jikokinsa karatu, har na gane na janye da kaina. Digirin da ake yi a shekara uku, sai da na yi biyar.

Ga abin da ya fi wuyar faɗa. Kwana biyu da tafiyar Baba na koma salar. Na gaya wa kaina zan je ne in kalli injin in tsine masa. Kwandala tana aljihuna. Na tarar an ɗauke shi, an sa wani akwatin gilashi mai ƙugiya da ke ciro 'yar tsana. Ɗan Yaman ɗin ya ce tsohon ya ƙone, an sayar wa masu gwangwan. Wato ba tuba ce ta raba ni da wasan ba, wayar wuta ce ta sake yi mini aiki. Da yana nan da na jefa.

Baba ya rasu bayan shekara biyu, kafin in kammala. Muna waya duk Juma'a, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ne ya sauya. Da can yakan tambaye ni yaya karatu. Bayan nan sai ya koma cewa, kana ina yanzu? In faɗa masa, ya ce to madalla. Ban san ko yarda yake yi ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a gida, ina yi wa ɗalibai darasi a kan yadda ake gane maruwaicin da ba a karɓar maganarsa, kuma suna cewa ina da misalai masu kyau. Darasin da na koya kuwa ba mai zurfi ba ne. Na so in ce na koyi daina ƙarya gaba ɗaya, amma ɗan adam ne ni. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne, har yau, duk sanda waya ta yi ƙara kuma na ji bakina na shirin faɗin inda ba na nan, sai na ga hannuna ya kai wuyan rigata yana lalube. Ba komai a wurin. Sai in faɗi inda nake.